Keken Tsaye Ya Shigo Tsakar Gida



Na yi alkawarin wannan makon za mu ci gaba da zancen yaye, kuma na ga tambayoyin da kuka ajiye a ƙasan rubutun da ya gabata, ban manta da su ba. Ku yi mini uzuri in jinkirta su. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun bayan Sallah, na ga gara in faɗe shi tun da ɗuminsa.

Ina aikin yamma aka kawo mana wani yaro daga wani ƙauye ta wajen Kibiya, shekarunsa ba su fi tara ba. Hannunsa na dama a ɗaure da karare da tsumma, yatsun sun kumbura sun yi suntum, ga sanyi kamar an tsamo su daga randa. Na tambayi mahaifiyar me ya same shi, ta ce, "Wallahi Malama, wani keke ne kawunsa ya kawo musu daga birni, marar sirdi marar kan riƙewa." Kwana uku ke nan da faɗuwar. Ranar da abin ya faru aka kai shi wajen mai ɗori, aka ɗaure tamau, yaro yana kuka dare da rana ana cewa ai haka ɗori yake. Da muka kwance aka ɗauki hoton ƙashi, sai ga karaya a wuyan hannu, daidai wurin da ƙashin yaro yake tsiro. Likita ya tura su Asibitin Ƙashi na Dala, kuma Allah Ya taimaka hannun ya tsira. Da sun ƙara kwana biyu, da wani zancen ake yi.

Abin da ya kayar da shi, na tabbata kin taɓa ganinsa, ko a waya ko a wajen biki. Wani allo ne mai taya biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da fitilu masu walƙiya, wani har kiɗa yake yi. Mutum ya tsaya a kai ya tafi kamar iska ce ke tura shi. Yara suna ce masa hobabod, ni dai keken tsaye nake kiransa. A da sai a gidajen masu hali na cikin Kano ake ganinsa, ko a bidiyon mawaƙa. Yanzu na hannu ya yi yawa a kasuwa, kawu ko yaya da ke aiki a Abuja zai iya riƙo shi tsaraba, ya shigo gida a kwali kamar sauran kayan wasa. To ba kayan wasa ba ne. Inji ne mai nauyin kilo 10 ko fiye, yana gudun kilomita 10 zuwa 15 a awa, ba shi da birki, ba shi da abin riƙewa.

Ban so in yi miki bayanin abin da ban taɓa takawa ba. Akwai irinsa a gidan yayata a nan Rano, sai na je ranar hutuna na ce wa ɗanta, mai shekara goma sha uku, ya koya mini. Ya kalle ni ya ce, "Anti, ke?" Na ce ni ɗin. Kafin la'asar na sha ƙasa sau biyu, na kwana ina shafa man zafi a ƙugu, yara sun samu abin dariya na mako guda. Ban ji kunya sosai ba, don ko Mike Tyson, wanda duniya ta sani da dambe, an ga bidiyonsa a Disambar 2015 ya hau irin wannan a falonsa ya zube ta baya. Amma faɗuwar nan biyu ta koya mini abin da takardar cikin kwali ba ta koya mini ba.

Kin ga, abin ba ya sanin nufin mai hawansa. Tafin ƙafa kawai yake saurare. Kowane ɓangare yana da injinsa a cikin taya, a ƙarƙashin matakin kuma akwai makunni da yake jin an taka, da wata 'yar na'ura da take auna karkata. Idan yatsun ƙafa suka danna gaba, taya ta yi gaba. Idan dunduniya ta danna, ta yi baya. Idan yatsun hagu kaɗai suka danna, keken ya juya dama. Shi ke nan ilminsa. Saboda haka duk wani firgici da ya sauka ƙafar yaro, umarni ne a wajen inji. Yaro ya tsorata ya sunkuya gaba don ya kama wani abu, keken ya ɗauka an ce ya ƙara gudu. Ya ja baya da ƙarfi, keken ya zame daga ƙarƙashinsa ya bar shi ya faɗi ta ƙeya.

Duk faɗuwata biyu, babu wadda ta same ni ina cikin tafiya. Ɗaya wajen hawa ce, ɗaya wajen sauka. Nan ne nake so ki tsaya da kyau, domin nan ne yawancin sababbin hawa suke karyewa.

Wajen hawa, da zarar ƙafa ɗaya ta taka, tayar wannan ɓangaren ta farka. In yaro ya ɗora ƙafar a karkace, ko ya tsaya yana shawara da ɗayar a ƙasa, keken zai fara kewaya shi, ƙafafu su rabu, ya yi zaman daɓaro. Yadda ake yi shi ne a ajiye keken a wuri mai baje, a kunna shi tukuna, a tsaya a bayansa. A ɗora ƙafar da aka fi ƙarfi da ita a shimfiɗe, can gefe kusa da taya, sannan a ɗora ta biyu ba tare da jinkiri ba, kamar mai hawa matakalar bene. Ƙafafu a buɗe, gwiwa a ɗan sake, ido a gaba. Ɗan yayata ya yi ta ce mini, "Anti, daina kallon ƙasa," kuma gaskiyarsa, don duk wanda ya sunkuyar da kai ya karkata gaba ke nan bai sani ba. Ranar farko kada a nemi tafiya. Ya koyi tsayuwa cak, babba yana gabansa ya riƙe masa hannu biyu, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, har sai ƙafarsa ta daina rawa. Babba na ce, ba ɗan'uwansa da zai sake shi don a yi dariya ba.

Sauka kuwa ta baya ake yin ta, kullum ta baya. Jiki yana son ya taka gaba, haka muka saba sauka daga komai. Amma idan ƙafa ɗaya ta sauka gaba, wadda ta rage a sama sai yatsunta su danna, keken ya zabura ya doki idon sawu ya kwashe mutum. Haka ta faru da ni, haka kuma ta faru da yaron Kibiya: mahaifiyarsa ta kira shi cin abinci, ya taka gaba, ya tare ƙasa da tafin hannu. A tsaya cak tukuna, a mayar da ƙafa ɗaya baya ta taka ƙasa, sannan a ɗauke ta biyu. Ba a tsalle. Ki sa yaro ya maimaita wannan a gabanki har ya gaji da ke.

Idan tsayuwa ta zauna, tafiyar ba wuya. Ba da ƙugu ake karkata ba, da idon sawu ne, kaɗan-kaɗan, kamar mai taka keken ɗinki a hankali. Tsayawa kuma ita ce a mayar da tafin ƙafa daidai. Ya fara da kai-komo a miƙe, daga baya ya koyi kwana mai faɗi. Idan keken ya fara ƙara "tit-tit" ana cikin tafiya, gargaɗi ne: ko gudu ya yi yawa, ko batir ya kusa ƙarewa. Ki ja kunnensa a kan wannan, domin idan wuta ta ɗauke ana tafe, tayoyi su daina riƙe mutum nan take, a wurga shi gaba.

Sai maganar wuri, wadda ita ce tamu ta kanmu. Waɗanda suka ƙera abin nan daɓe mai sumul suka yi wa. Irin wanda ya fi yawa tayarsa inci shida da rabi ce, roba ce tsantsa ba iska a ciki, kuma cikinsa yana dab da ƙasa. Tsakuwa ɗaya tana iya tsayar da taya guda, ɗayar ta ci gaba, yaro ya juya ya faɗi. Ki dubi lungunanmu na Rano da Kibiya: inda ba rairayi akwai burji, inda ba burji akwai fa ko zaizayar damina. Ki dubi tsakar gidanki kuma da idon wanda zai zo da gudu ba birki. Ga bakin rijiya, ga kwata, ga turmi, ga murhu da tukunyar miya a kai, ga dokin ƙofa, ga jariri yana rarrafe, ga igiyar shanya daidai wuya. Yayata sai da ta ware wani ɓangare na simintin gidanta, ta share shi tas, ta kafa doka cewa ba a hawa sai an sauke girki. A kan tayil mai ruwa ba a hawa. A kan titi kuwa, ban yarda ba ko kusa. Yaron da bai kai a ba shi babur ba, bai kai ya shiga tsakanin 'yan acaɓa da motocin da ke ɗauko hatsi da abin da ba shi da birki ba. A Ingila ma, inda titi yake sumul, doka ba ta yarda a hau shi a kan titi ko gefen titi ba, sai a filin mutum na kansa.

Ƙananan yara su ne suka fi ba ni tsoro. Yawancin waɗannan kekuna an rubuta musu cewa mai hawa ya kai kilo 20 aƙalla, don wanda bai kai ba, makunnin ba ya jin nauyinsa da kyau, sai keken ya yi ta kakkarwa. Masu ƙerawa da yawa suna rubuta shekara 8 zuwa sama, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma ta fi tsanantawa, shawararta a bari sai shekara 16. Na san in abu ya riga ya shigo gida, hana ɗan shekara goma sha biyu taɓa shi sai an yi da gaske. Amma ɗan shekara huɗu ko biyar, a'a. Kuma kada a bari su zauna a kai suna turawa da hannu, ko su yi wasa da shi yana kunne. Akwai ɗan tsakani tsakanin taya da murfinta da yake cafke yatsa, ya karya ƙashin, ya tuge farce. Hawa biyu, wato a goya ƙani ko a tsaya ƙafa ɗaya-ɗaya, shi ma babu.

Tufafi ma abin dubawa ne. Doguwar riga, zani, jallabiya, hijabi har ƙasa, duk taya tana iya naɗe su. Idan 'yarki za ta hau, a tsakar gida take, ta sa wando da riga da ƙaramin hijabi. Silifas yana zamewa, ƙafa ba takalmi kuma tana ƙujewa, kambas ne daidai. Hular kwano dole ce, irin ta masu keke, a ɗaure maɗaurinta a haɓa. Na san za a ce ana ganin yaro da hular kwano a tsakar gida za a yi masa dariya. A yi. Faɗuwar baya a kan siminti, ƙeya ce take fara sauka. Idan an samu abin kare wuyan hannu da gwiwa a shagunan kayan motsa jiki na Kano, a haɗa da su, kuɗinsu bai kai na hoton ƙashi da motar zuwa Dala ba.

Kada ki ɗauka yaranmu ne kaɗai. Wani bincike da mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga a 2018 ya ƙiyasta cewa a shekarun 2015 da 2016 yara kusan 27,000 aka kai sashen gaggawa a Amurka saboda wannan keken. Huɗu cikin goma karaya ce, wuyan hannu ne kan gaba, kuma yawancinsu a gida suka faɗi, ba a titi ba.

To, wannan duk hatsarin rana ne. Akwai na dare, kuma shi ya fi muni, don shi ba mai hawa kaɗai yake ci ba.

A cikin keken akwai batir irin na waya da kwamfuta, sai dai ya ninka na waya sau da yawa: ƙananan batura ne kamar ashirin aka haɗa wuri guda. Idan marar kyau ne, ko ya bugu ya lotsa, ko ruwa ya shige shi, ko aka sa masa cajar da ba tasa ba, yana iya ɗaukar zafi ya kama da wuta, wuta mai tartsatsi da hayaƙi mai guba, wadda ko ta mutu tana iya sake tashi. Zuwa Disambar 2015 hukumomin Ingila sun duba guda 17,000 da aka shigo da su, suka tsare fiye da 15,000 saboda rashin inganci. A watan ne manyan kamfanonin jiragen sama suka hana shiga jirgi da shi. A Yulin 2016 Amurka ta janye sama da 500,000 daga hannun jama'a. A Maris ɗin 2017, a garin Harrisburg, wanda aka sa a caji ya kama da wuta ya cinye gida, yara mata biyu suka rasu. Bayan gobarar farko-farko ne aka fito da ma'aunin inganci mai suna UL 2272 a 2016. Ki juya cikin keken ki nemi wannan tambarin. Samunsa ba tabbas ba ne, don ana buga na jabu, amma rashinsa ya isa ya sa ki yi hattara. Ni tambayar da nake yi wa kaina ita ce, irin waɗanda aka ƙi a can, wace kasuwa suka nufa?

Yanzu ki haɗa wannan da halin da muke ciki. Wuta sai tsakar dare ake kawowa, mun saba barin komai a jone mu kwanta. Ta zo da ƙarfi, ta ɗauke, ta dawo. Soket ɗaya ne a ɗaki, a bayan katifa, da waya da fitila da fanka duk a kan wayar jona ɗaya. Ga zafin Maris da Afrilu da yake haura digiri 40, ɗakin kwano kamar tanda. Ga ƙofa a kulle, taga da ƙarfe, yara biyar a kwance. Shi ya sa na ce wa yayata, keken na yaro ne, caja taki ce. Ki ɓoye ta inda kike ajiye maganin sauro. Ba a caji sai da rana, sai babba yana gida ido biyu, a kan siminti tsirara, a inuwa, nesa da katifa da labule da galan ɗin fetur, kuma ba a bakin ƙofar da za a fita ta nan ba. Awa biyu zuwa uku ya ishi yawancinsu, fitilar caja ta koma kore a zare. In an gama hawa a bar shi ya huce kafin a jona. Cajarsa ta asali kaɗai, in ta lalace kada a je wajen mai gyaran waya a haɗo wadda bakinta ya shiga. Kada a wanke shi da ruwa, kada a bar shi a rana ko a but ɗin mota.

Idan kika ji yana warin ƙuna ko wani wari mai zaƙi-zaƙi, ko ya yi zafin da hannu ba zai zauna ba, ko ya kumbura, ko yana huci, ki zare shi, in hannu zai iya ki fitar da shi fili, an gama da shi ke nan. Idan kuwa ya riga ya fara hayaƙi, kada ki ɗauka, kada ki tsaya neman bokiti alhali yana jone da wuta. Ki kwashe yara ku fita, ki ja ƙofa, a kashe wutar gidan daga waje, a kira 'yan kwana-kwana da maƙwabta.

Bari in koma kan hannun yaron nan, don ko an kiyaye duk wannan, wata rana za a faɗi. Idan yaro ya tare ƙasa da hannu, wurin ya kumbura, ba ya yarda a taɓa, ba ya iya juya hannun ko riƙe kofi, ki ɗauka karaya ce har sai hoto ya ce ba ita ba. Iya motsa yatsu ba ya nuna ƙashi lafiya yake, wannan kuskure ne da nake ji kullum. Kada a ja, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi. Ki cire awarwaro ko zobe tun kafin kumburi ya hana. Ki ɗora hannun a kan kwali mai kauri, ki naɗe sako-sako, ki rataye masa da ɗankwali a wuya, ki ba shi farasitamol daidai shekarunsa, ku tafi asibiti a ranar. Ba na raina masu ɗori, na san gidajen da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, kuma mutanenmu sun yarda da su. Amma idonsu ba ya ganin cikin ƙashi. Karayar da ta ratsa wurin tsiro, in ta haɗe a karkace, hannun yana iya girma a karkace. Ɗauri mai tsanani a kan kumburi kuma yana toshe jini. Ko waye ya ɗaure, mu ko su, idan yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, suka mutu da ji, ko ciwo ya yi ta ƙaruwa maimakon raguwa, ba a jiran gari ya waye.

Bugun kai shi ma haka. Idan ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko barci ya yi ta fizgarsa ba ya tasuwa da kyau, ko magana ta rikice, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, asibiti kai tsaye. In ma babu ko ɗaya, ki sa masa ido kwana biyu, kuma kada ya sake hawa sai ciwon kai ya tafi gaba ɗaya.

Mahaifiyar yaron ta biyo ta wajenmu makon jiya, za su koma a cire masa filasta. Na tambaye ta ina keken. Ta ce mahaifinsa ya kulle shi a rumbu, ƙannensa kuma kullum suna zagaye suna leƙe. Na ce mata a fitar da shi daga cikin dawa tukuna, a nemo masa wani wurin.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, sai zancen yaye.